Waraka Inci Bakwai da Kwata

Malam Inci ba sunansa na yanka ba ne, amma ko matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. A ofishin awon filaye yake aiki. Shi ne mai riƙe bakin tef, wanda ake yi wa tsawa daga nesa ana cewa matsa gaba, dawo baya, yana tsaye cikin rana. Amma in ya zauna a bencin shagona yana ba da labari, sai ka rantse shi ya auna duniya kafin a zuba mata mutane.

Ni tela ne, shagona na kallon ƙofar gidansa. Wannan kusancin ne ya ja mini.

Wata Asabar da hantsi ya faɗo shagon da wani kwali a hammata.

"Tela, ajiye almakashin nan. Yau tarihi ya shigo shagonka."

"To tarihin ya karkaɗe takalmi, yanzu na yi shara."

Ya baje kwalin a kan teburin yanka, daidai kan yadin mutane. An zana masa gidaje murabba'i, ga kogi, ga kango, ga rijiya, ga wani abu mai kama da kaza da ya ce dodo ne. Wasan tebur ne, in ji shi, irin wanda ya yi wata uku yana kallo a waya. Mutane su zauna, kowa ya ɗauki jarumi guda, wannan mai takobi, wancan mai baka, wani kuma mai warkarwa. Mutum ɗaya ya ja labarin, shi ne mai dodanni. In za ka kai sara ko harbi, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido, lambar da ta fito ita za ta faɗi ko ka dace. Kowane jarumi yana da ƙarfi ashirin a takarda, in an sare shi a rage, in ya ƙare ya mutu.

"Abu ɗaya ne ya gagari masu ƙera irin wannan wasa kaf," ya ce, yana ɗaga yatsa. "Nisan waraka. Daga ina zuwa ina sihirin mai warkarwa zai kai ga wanda aka sara? Wannan ya ce sai an taɓa, wancan ya ce ƙafa talatin. Duk shaci-faɗi ne. Ba su san awo ba. Ni kuwa awo sana'ata ce."

"Kai da kake riƙe bakin tef?"

"Bakin tef ai shi ne tef ɗin. In babu baki, daga ina za a fara ƙirge?"

Ya riga ya gama shiri. Mai kantin littattafai ta bakin titi ta yarda ta ba shi ɗakin taro na bayan kantinta nan da mako huɗu. In jama'a sun ji daɗin wasan, za ta buga shi ta jera a kantin. Shi kuwa har ya gaya wa ogansa na ofis ya fara neman wani mai riƙe bakin tef.

Jarumai yake buƙata, don haka ya kwashe mini maɓallai. Mai warkarwa yake buƙata, don haka ya kwashe ni.

Da la'asar muka zauna a teburin cin abincin gidansa. Mai aski na kusa da shagona shi ne mai takobi, aka ba shi ƙaton maɓallin kwat. Matar Inci, wadda nas ce a asibiti, ta ɗauki mai baka, don dai a zauna lafiya. Ni aka ba ni ƙaramin farin maɓalli. Kwalbar gishiri ce dodo. Can kan kujera kuma ga surukarsa, da ta zo zama na wata guda saboda ana sake wa gidanta rufi, tana saƙa hular jikanta.

Da ta ji kalmar sihiri sai ta ɗago kai.

"Sihiri a gidan 'yata?"

Inci ba ya iya haɗa ido da ita. Ya juya ga matarsa. "Gaya wa Mama na kwali ne."

"Na ji da kunnena," in ji Mama. "Na kwali ai ya dace da kai."

Dokar farko ta Inci ita ce, sai mai warkarwa ya taɓa mutum kafin ya warke. Aka fara. Mai aski ya ruga da gudu ya kai wa dodo sara, ƙwaya ta ba shi biyu, dodo ya rama, ƙarfin mai aski ya koma shida.

"Tela! Zo ka taɓa ni!"

Na tura maɓallina gida huɗu, iyakar tafiyata ke nan. Saura gida uku. Dodo ya sake make shi, ya koma biyu. Na ƙarasa, na miƙa hannu, sai Inci ya yi gyaran murya.

"Dodo ya ga wani farin abu mai taushi ya matso. Ya haɗiye shi."

"Ni ɗin?"

"Kai ɗin. Ba ka da sulke."

"To me ya sa ka tilasta mini zuwa bakinsa?"

"Doka ce."

"Wa ya rubuta dokar?"

"Wannan ba ya cikin abin da muke tattaunawa."

Sau uku muka sake, sau uku ana cinye ni kafin in warkar da ko tari. Mai aski ya ce shi dai bai taɓa ganin likitan da ake binnewa kafin majinyaci ba. Inci ya tattara kwalinsa ya ce laifin namu ne, mun yi wasa kamar mutanen da ba su san awo ba, amma zai sauƙaƙa mana.

Sauƙin da ya kawo Asabar ta gaba shafi goma sha huɗu ne.

Yanzu waraka na kaiwa inci bakwai da kwata. Amma in akwai iska a rage rabin inci. In majinyaci na kan tudu a ƙara sulusi. In mai warkarwa ya ci abinci da safe a cikin labarin, a ƙara kwata, in bai ci ba a duba jadawali na uku. In kogi ya ratsa tsakani, a ninka nisan a raba biyu.

"In an ninka an raba biyu ai nan aka dawo," in ji matarsa.

"Amma an bi tsari."

Dodo ya sari mai aski kamar yadda ya saba. Na zaro tef ɗina na ɗinki na auna. Bakwai daidai.

"Ya warke!" na ce.

"Tsaya. Daga ina ka auna? Daga bakin maɓalli ko daga ramin zare?"

"Daga baki."

"Wane bakin? Maɓalli kewayayye ne."

Muka yi minti arba'in a kan wannan. Mai aski ya je ya yi wa mutum biyu aski ya dawo, ya tarar jaruminsa na nan kwance yana jiran sakamako. Daga ƙarshe Inci ya yanke hukuncin cewa tef ɗina ne maƙaryaci, ya saba zagaye tumbin mutane har ya saki. Ya shiga ɗaki ya fito da tef na ƙarfe, na ofis, mai mita hamsin, irin wanda ke komawa da kansa.

"Riƙe nan," ya ce wa mai aski. Shi kuma ya ja baya da gidan tef ɗin har bakin ƙofa, don wai a ga tsawonsa. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya sa hannu aljihu, babban yatsansa ya sauka daga kan makullin tef ɗin.

Tef ya kufce. Ya shafto yatsan mai aski, ya share jarumai uku da dodo, ya daki kofin shayi. Shayi ya malale kan kwali, kogin nan ya cika ya batse har ya cinye kango. Kwalbar gishiri ta faɗa cinyar Mama.

Mai aski ya daka tsalle yana yarfa hannu. "Yatsan almakashina! Da me zan ci abinci?"

Matar Inci ta tashi ta ɗauko auduga da filasta ta ɗaure masa cikin minti biyu. Mama ta ɗaga kwalbar gishiri ta dube ta.

"Wannan ne dodon? Ga shi na kama muku. A tashi haka nan."

Inci bai karaya ba. Ya ce abin da ya faru ya nuna cewa tef ya yi wa tunaninsa kaɗan. A cikin makon ya riƙa atisayen jawabin da zai yi a kanti, yana tsaye a falo, taga a buɗe, murya kamar mai tallan magani a tasha.

"Duk wanda ke cikin taku talatin daga inda nake tsaye, ya warke! Karaya, sara, dafi, ba ruwana! Ba sai na taɓa ka ba!"

Ranar Laraba da ya dawo daga aiki, ina zaune a bakin shago na ga wani tsohon direba na bayan layi, mai ciwon gwiwa, ya fito da kujerar roba. Ya fara taku daga ƙofar Inci yana ƙirgawa da ƙarfi. A ashirin da tara ya dasa kujera ya zauna, ya naɗe wando ya fito da gwiwar. Kafin a jima mai sayar da katin waya ta zo da ciwon haƙorinta, ta tsaya kusa da shi. Wani ya kawo akuya mai ɗingishi.

Na leƙa ta taga. "Inci, fito ka ga majinyatanka."

Ya fito ya ga taro. Mai hankali da sai ya ce jama'a ku yi haƙuri, wasa ne. Inci kuwa gyara wuyan riga ya yi.

"Baba, taku nawa ka ƙirga?"

"Ashirin da tara, ɗana. Na bar ɗaya saboda tsaro."

"Takunka gajere ne. A awon ofis kana kan ashirin da biyu."

"To ai na fi kusa ke nan. Me ya sa har yanzu tana zogi?"

"Akwai iska," in ji Inci.

Mai katin waya ta cire hannu daga kumatu. "In iska ta kwanta zan warke?"

"Ya danganta. Kin ci abinci da safe?"

Daidai nan matarsa ta sauko daga motar haya da kayan aiki a jikinta. Ta dubi gwiwa, ta dubi akuya, ta dubi mijinta. Ta gaya wa tsohon ranar da likitan ƙashi ke zama, ta ce wa mai katin waya ta je a cire haƙorin kafin fuskarta ta zama ƙwallo, ta ce wa mai akuya ita ba ta karanci wannan fannin ba. Sannan ta kama hannun rigar Inci.

"Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, ba wanda ya taɓa kawo mini akuya. Wuce ciki."

Tsohon direba ya ɗauki kujerarsa yana mita, ya ce shi dai tun farko ya ga wannan yaron ba shi da idon masu ilimi.

Ranar taro ta zo. Dokar ƙarshe Inci bai gwada ta da mu ba, ya ce za mu ɓata ta da tambayoyi. Ya buga ta a takarda ya raba wa kowa a ƙofa. Ɗakin ya ɗauki mutum kusan arba'in: ɗalibai, iyaye da 'ya'yansu, masu leƙe. Mai kanti na tsaye da hannu a ƙugu. A layin gaba ga ogan Inci, wanda ya gayyato musamman don ya ga abin da ofis zai rasa. Mai aski ya ce yatsansa bai yarda ya sake kusantar teburin ba, don haka aka rasa mai takobi, sai Mama ta ajiye saƙa ta ce a ba ta maɓallin, ta gaji da kallon ana kashe shi.

Inci ya ɗaga murfin tukunya sama.

"Jama'a, ga Da'irar Waraka! Ba tef, ba jadawali. A kifa murfin nan a kan mai warkarwa. Duk mai rai da ya shiga ƙarƙashinsa, ƙarfinsa ya dawo cif. Shekara ɗari masu ƙera wasa na neman wannan amsa, ashe tana kicin ɗina."

"Kicin ɗina," in ji matarsa.

Aka fara, kuma wallahi da farko abin ya yi kyau. Mama ta sari dodo sau uku, matar Inci ta zuba masa kibau, ƙarfinsa ya sauko daga sittin zuwa huɗu. Ya kai wa Mama cizo, ta koma uku. Yara suka miƙe tsaye.

"Tela, waraka!" Inci ya yi ihu. Na kifa murfi. Ya ɗaga shi da yanga. "Mai takobi ta dawo ashirin!"

Aka yi tafi. Sai oga ya ɗaga takardarsa.

"Inci, kwalbar gishirin nan ma a ƙarƙashin murfin take."

"Dodo ne, ranka ya daɗe."

"Yana da rai?"

"Yana da... ai dodo ne."

"Takardarka ta ce duk mai rai. In ba shi da rai, me kuke sara tun ɗazu?"

Dodo ya koma sittin. Ɗaki ya kwashe da dariya. Muka sake saukar da shi zuwa biyar, ya ciji Mama, na kifa murfi, kowa ya warke har da shi. Karo na uku wani ɗalibi ya ce wannan ba yaƙi ba ne, asibitin kyauta ne.

Inci ya fara gumi. Ya ce an samu kuskuren ɗab'i, murfin da yake nufi ƙarami ne. Ya cire murfin kofin shayin mai kanti ya kifa. Ba wanda ya shiga sai ni. Na warkar da kaina, alhali ko ƙwarzane ba ni da shi, Mama kuwa ta faɗi. Ya ce a'a, a koma baya, babban yake nufi. Ya fizgo tiren da aka kawo ruwa a kai ya kifa a kan kwali gaba ɗaya. Oga ya sa yatsa a gefe.

"Ga maƙabartar mayaƙan dodo nan da kuka kashe a farko. Sun shiga."

"Matattu ne, ranka ya daɗe!"

"A shafi na biyu ka rubuta cewa babbar da'ira na tashin wanda bai daɗe da faɗuwa ba."

Mayaƙa tara suka tashi. Mutane ma suka fara tashi, amma su ƙofa suka nufa. Mai kanti ta dubi agogo ta ce saura minti goma ta kulle ɗakin, kuma maganar bugawa a bar ta tukuna.

Mama ta ture tiren gefe. Ta kwashe murafen duka ta miƙa wa 'yarta.

"Tela, kana ganin maɓallina daga inda kake?"

"Bangon kango ya tare, Mama."

"To matso inda za ka gan ni. In kana ganin mutum, ka warkar da shi, mutum ɗaya a jefa ɗaya. In ba ka ganinsa, ba ka iyawa. Dodo kuma ka kau da kai. Shi ke nan."

Inci ya juya ga matarsa. "Gaya wa Mama wannan ba awo ba ne."

"Gaya masa ya ja dodonsa ya yi shiru," in ji Mama.

Ya ƙi. Ya naɗe hannu ya ce ba zai sa hannu a jahilci ba. Sai oga ya jawo kujera ya ɗauki kwalbar gishiri.

Abin mamaki, nan take wasan ya zama wasa. Don in ga Mama, dole in leƙo daga bayan bango, in na leƙo kuma mayaƙa su gan ni su kawo mini sara. Matar Inci ta ce in jira ta kawar da biyu tukuna. Mama ta ce in ta jira za ta mutu. Wata yarinya daga baya ta yi ihu, "Ta gefen rijiya! Ta nan zai gan ta, su ba za su gan shi ba!" Na bi ta gefen rijiya da ƙarfi uku a takardata. Na jefa ƙwaya, ta ba ni shida. Ɗakin ya kaure da sowa. Waɗanda suka kai ƙofa suka dawo, na cikin kanti suka shigo.

Inci ya haye kujera da shafukansa goma sha huɗu.

"Jama'a, ana yaudarar ku! Tsakaninsu inci goma sha ɗaya ne! Ba a cire iska ba! Ba a tambayi ko ya karya kumallo ba!"

"Malam, sauko, kana tare wa yara," in ji mai kanti.

"Ni na ƙirƙiro wasan nan!"

"To je ka ƙirƙiro shi a waje na minti biyar, ka sha iska."

Mai gadin kanti ya rako shi har titi cikin ladabi. Da ya huce ya dawo zai shiga, mai gadi ya tare ƙofa ya ce ɗaki ya cika, ana wasa, sai wani ya fito.

Ya zagayo ta tagar ɗakin taron ya manna fuska a gilashi. Daga nan ya ga mun kayar da dodo. Ya ga mai kanti ta ɗauko biro tana tambayar Mama yadda ake rubuta sunanta, don a sa a bayan kwalin. Ya ga ogansa ya leƙo ya yi masa alama da hannu cewa Litinin ƙarfe bakwai, akwai awo a bayan gari.

Mutane suka ce a sake zagaye na biyu. Muna jera maɓallai, muna jin muryarsa ta cikin gilashi yana yi wa wani mai wucewa bayani.

"Waccan tsohuwar ɗalibata ce. Wata guda na yi ina horar da ita a gida. Tela! Tela, matsa hagu rabin inci!"

Mama ta tashi a hankali, ta taka har bakin tagar, ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun da ya auri 'yarta. Ta ja labule. Ta dawo ta zauna ta gyara mayafi.

"Tela, kana ganinsa?"

"A'a, Mama."

"To ba abin da za ka iya yi masa. Jefa ƙwaya."